Sunan Mama a Kan Ciyawar Kwata

Auta ba ta girgiza takardar ba, ba ta kuma buge ta da komai ba. Ɗaga ta kawai ta yi don ta saka a akwatin gilashin da za a kai wurin biki, sai ƙananan furannin suka sulale daga jikin karan, suka zube a kan tebur.

Ta tsaya baki buɗe, takarda a hannu.

Ita ce mai kula da ɗakin ajiyar busassun tsirrai na jami'ar, wani dogon ɗaki cike da kabad-kabad na ƙarfe, kowanne ɗauke da takardu masu kauri da aka manna wa tsirrai da gam. A duk ɗakin babu takardar da ta kai wannan daraja. Mahaifinta, tsohon farfesa, shi ya samo tsiron a wata tafiya tun kafin a haife ta. Ya duba, ya ga bai yi kama da komai ba, ya ce sabon jinsi ne, ya raɗa masa sunan matarsa. Ba ainihin sunanta ba ma, sunan da yake tsokanarta da shi, Ƙyalƙyala, saboda dariyarta da ake ji tun daga bakin titi. Ya lanƙwasa shi yadda masana ke so, ya zama Kyalkyalia.

Tun daga nan tsiron bai bar masana sun sha ruwa ba. Masu kallon furen suka sa shi a wani dangi. Masu kallon ganyen suka ce atafau, suka ɗauke shi suka kai wani. Daga baya wani ya gaji da gardamar ya gina masa dangi nasa shi kaɗai, wasu suka zo suka rushe. Haka aka yi ta yawo da shi gida-gida kamar maraya. An shiga daji nemansa har an gaji, ba wanda ya sake ganinsa a raye. Baba kuwa bai taɓa yarda takardar ta fita daga kabad ba. Duk wanda ya roƙa, zanen da ya yi da hannunsa yake aika masa.

Yanzu Mama ta rasu, Baba tsufa ya fara cinye masa tunani, jami'a kuma ta gina lambu don karrama shi. Jibi za a buɗe. An riga an sassaƙa sunan a jikin dutse.

"Gam ne ya saki," in ji Auta, ita kaɗai a ɗakin. Rufin ya yi yoyo a daminar nan, danshi ya shiga kabad. "Gam ne kawai. A mayar."

Ta ɗauko hantsaki da gilashin ƙara girma, ta sunkuya tana neman gurbin da kowane fure ya fita. Ta bi karan daga sama har ƙasa. Ta sake bi daga ƙasa har sama. Babu tabo, babu gurbi. Karan sumul yake, mai kusurwa huɗu. Ta juya ga furen: ɗan tsinken da ke ɗauke da shi zagayayye ne, an yanke shi tsaf da reza.



Ta zuba ruwan zafi a kofin shayinta ta jefa fure ɗaya, yadda ake yi in ana son busasshen fure ya buɗe. Ya sha ruwa, ya miƙe, ya baje. Ta san shi. Kowa ma ya san shi. Ɗan furen nan ne da ake dasawa a tukwane a bakin ofisoshi, mai buɗewa da safe ya rufe kafin rana ta take.

To ganyen fa? Ta kai hanci kusa. Danshi ya tayar da wani wari da ya kwanta shekara da shekaru, wari mai hawa kai kamar tsumman da aka manta a bokiti. Ta ja da baya. Wannan warin kullum sai ta wuce shi a bayan ɗakin, inda ruwan kwata ke bi.

Ba tsiro ɗaya ba ne a takardar. Biyu ne aka haɗa.

Ta zauna a kan kujera. Ta tashi. Ta rufe ƙofa, ta buɗe, ta rasa dalilin da ya sa ta rufe. Daga ƙarshe ta tsinko ciyawar kwata guda, ta ɗauki tukunyar fure daga bakin ofis, ta nufi gida.

A tsakar gida ta tarar da Inna, ƙanwar Mama, tana guge rigar da Baba zai sa a wurin biki. Yaya, wan Auta, shi ma yana nan, ya taso daga shagonsa na magungunan feshi ya zo cin abincin rana.

"A'a, likitar ciyawa," in ji shi. "Yau da tsaraba aka zo mana? Fitar da wannan abin, yana wari."

Auta ta ajiye su a ƙasa ta zayyana musu komai. Da ta gama, Inna ta kife dutsen guga.

"Tsaya, 'yar nan. Furen na waye?"

"Na wannan ne, na tukunya."

"Ganyen kuma?"

"Na wannan ciyawar."

"To na Yayata yana ina?"

"Babu shi, Inna. Bai taɓa wanzuwa ba."

"Bai taɓa wanzuwa ba, amma ga hotonsa can a falo shekara nawa ina goge masa ƙura?"

"Zanen Baba ne. Abin da ya gani a takarda ya zana."

"Wato babanku ya zana abin da babu, Turawa da baƙaƙe suka yi ta faɗa a kan abin da babu, yanzu kuma za a yanka masa ƙyalle a buɗe masa lambu." Inna ta dafe kai. "Ni kam karatun nan naku ya fi ƙarfina."

Yaya ya suɗe hannu. "Ni ban ga abin tashin hankali ba. Gam ya ƙare a kasuwa ne? Ki manna kayanki, a yi biki, kowa ya watse."

"Na yi wannan tunanin," in ji Auta. Gaskiya ta yi shi, tun a mota take yinsa. "Amma Shugaban jami'a ya riga ya yi wa wasu masu bincike alkawarin za a ba su ɗan guntun ganye bayan biki, su gwada a na'ura. Da sun gwada za su gane. In suka riga ni ganewa, su za su zaɓa."

"Su zaɓi me?"

Nan ne wurin da ita kanta ya ɗaure mata kai. Ta jawo kujera.

"A ƙa'idarmu, suna yana rataye ne a jikin samfuri ɗaya. In aka tarar an haɗa biyu, dole a nuna ɗaya a ce wannan ne mai sunan, ɗayan kuma ba ruwansa. Wanda ya fara bugawa a mujalla, zaɓinsa ne ya zauna. Sannan in tsiro ɗaya ya tashi da suna biyu, wanda ya girma shi ke ci."

"To ai da sauƙi," in ji Inna. "Ki nuna furen. Ga shi ɗan kyakkyawa."

"Furen yana da sunansa tun zamanin kakannin kakanni. Ya girmi na Mama nesa ba kusa ba. In na nuna shi, sunan Mama ya mutu. Sai dai a riƙa rubuta shi da ƙananan baƙaƙe a ƙasan wancan, a ce kuskure ne."

"Ciyawar fa?" in ji Yaya, ya daina tauna.

"Ita baƙuwa ce. Lokacin da Baba ya tsinko ta ba ta yaɗu ba, ba wanda ya ba ta suna. Sai bayan shekaru wani ya raɗa mata wanda ake kiranta da shi yanzu. Na Mama ya girme shi. In na nuna ta, sunan Mama ya ci. Duk duniya sai an koma kiranta Kyalkyalia."

Su uku suka zuba wa ciyawar ido, tana kwance a siminti da ƙasar kwata a saiwarta.

Inna ce ta fara farfaɗowa. "Sunan Yayata? A kan wannan ƙazamar? Matar da ko shara za ta zubar sai ta shafa turare? Wallahi sai dai bayan raina!"

"Ke Auta, kin san me aka rubuta a jikin galan-galan ɗin da ke shagona?" Yaya ya miƙe tsaye. "An rubuta sunan ciyawar nan, an ce maganin yana kashe ta har saiwa. In kamfani ya canza takarda fa? In tsaya a bayan kanta ina ce wa manoma, ga wanda ke kashe Mama har saiwa, kwana kaɗan ta bushe?"

"To in kashe sunan ke nan?"

"Ban ce ba."

"In bar shi a kan ciyawar?"

"Shi ma ban ce ba!"

"To me ka ce, Yaya?"

"Na ce a nemo gam!"

Suka ɗunguma zuwa baranda wurin Baba, don Inna ta ce mai abu yana raye ba a yanke masa hukunci a bayansa. Yana zaune a kujerarsa, sanda a tsakanin gwiwoyi, yana kallon bango. Auta ta durƙusa a gabansa.

"Baba, takardar nan ta Kyalkyalia. Wa ya manna ta?"

Ya dube ta ya yi murmushi. "Ƙyalƙyala, kin dawo daga kasuwar?"

"Auta ce, Baba. Takardar nake tambaya."

"Ni na manna. Ba na barin kowa ya taɓa mini kaya." Ya girgiza kai. "A'a. Zazzaɓi nake yi lokacin. Ita ta manna, a kan teburin cin abinci. Ta ɓata mini tebur da gam."

"Ita Mama?"

"Wace Mama? Iska ce ta watsar da su, muka tsince a ƙasa." Ya juya ga Yaya. "Kai wane ne? Ka zo gyaran famfo?"

Inna ta tafa hannu. "Kun ji ko? In ita ce, da gangan ta yi. Na san halin kayata. Matar da ta taɓa ɗinke masa ƙafar wando ranar da zai yi lacca, ta laɓe tana dariya?"

"Anya?" Yaya ya sosa ƙeya. "Ni fa ina tuna ina ƙarami an taɓa zane ni saboda na yi wasa da takardun Baba. Ko ni ne?"

"Ba a haife ka ba lokacin," in ji Inna.

"An haife ni mana!"

"To goye kake."

Auta ta runtse ido. Ta shigo da tambaya ɗaya, ga shi ta samu amsa huɗu, ba wadda ta yarda da 'yar'uwarta. Ta ɗauko tsirran biyu ta ɗora wa Baba a cinya, ko Allah zai sa ya nuna ɗaya ta huta. Furen tukunya ya riga ya rufe, ya langaɓe don rana ta yi. Baba ya taɓa shi, ya murza ganyen ciyawar, ya shinshina, ya yamutsa fuska. Suka matso suna jira.

"A kawo mini shayi," in ji shi.

Suka koma tsakar gida. Inna ta ɗauki dutsen guga ta ci gaba da aiki da ƙarfi kamar rigar ce ta yi mata laifi, bakinta kuma bai tsaya ba.

"Ciyawa! Ku ba ku san wace ce uwarku ba. An kore ta daga ajin ɗinki saboda dariya, washegari ta shiga ta taga ta zauna a kujerarta. Dangin babanku suka ce ba za ta yi shekara a gidan nan ba, ita ta ga bayansu ɗaya bayan ɗaya. Likitoci suka ce ba za ta ga wata damina ba, ta ga wannan, ta ga ta gaba, har da mai bi mata. Mace ce da in ka kore ta ta ƙofa, kafin ka juyo tana tsakar ɗaki tana..."

Ta tsaya. Ta bi inda idon Auta yake kallo. Can gindin famfo, a tsagin siminti, ciyawar ce ta fito koriya shar.

"Yaya," in ji Auta, "ba ka fesa wa waccan magani ba?"

"Na fesa. Na sake fesawa. Har ruwan zafi na zuba mata."

"Kar ki kalle ni haka," in ji Inna. "Ni ban ce komai ba. Kin ji na ce wani abu?"

Auta ta ci gaba da kallon ciyawar. Har yanzu ba ta san wa ya haɗa tsirran ba, ba ta san ko ganganci ne ko tsautsayi ba, ba ta ma tabbata Mama za ta yafe mata ba. Abu ɗaya ta sani: ba za ta iya ganin sunan nan da ƙananan baƙaƙe a ƙasan na wani ba.

Washegari ta rubuta bayaninta, ta nuna ganye da kara a matsayin mai sunan, ta aika wa mujalla kafin zuciyarta ta canza. Da yamma ta ɗauki baro da shebur ta bi bayan ɗakin ajiya, ta tuge ciyawar kwata cike da baro, ta kai sabon lambun. A gaban dutsen akwai fili da aka bari don a kafa zanen Baba, tunda ba a da tsiron a raye. Ta dasa ciyawar layi-layi, ta ba ta ruwa. Gobe za ta tsaya ta ce wa jama'a: an yi shekaru ana neman Kyalkyalia a daji, ashe tana bayan ɗakin kowa. Ga ta.

Abin da ba ta yi ba shi ne gaya wa masu lambu.

Ranar biki rumfuna suka cika. Aka zaunar da Baba a gaba cikin rigarsa mai guga, Inna a damansa fuska a ɗaure, Yaya a hagu yana ta duba waya. An kewaye dutsen da filin gabansa da labule. Shugaba ya yi dogon jawabi a kan fure mai wuyar gani da babu irinsa, Auta tana jin kowace kalma kamar ana taka mata yatsa. Sannan aka miƙa mata lasifika.

Ta faɗi komai. Gam, danshi, kofin shayi, ƙa'idar suna. Tana magana tana ganin fuskoki suna rikicewa layi bayan layi. Wani malami a baya ya ɗaga hannu ya sauke. Shugaba ya karkato yana raɗa wa na kusa da shi, "Wai akwai tsiron ko babu?" Na kusa da shi ya ce, "Ranka ya daɗe, kamar akwai rabi."

"Don haka," in ji Auta, "yau za ku ga Kyalkyalia a raye. A ja labule."

Aka ja.

Ƙasa ce ja, an share ta tas, an bi ta da manjagara har layukan haƙoransa sun fito. Ko ganye ɗaya babu.

Auta ta dubi filin. Ta dubi baron da ke can gefe. Ta sake duban filin. Shugaban masu lambu ya matso da hularsa a hannu, yana washe baki.

"Ranki ya daɗe, Allah ne ya rufa asiri. Da safe muka tarar wani mara tsoron Allah ya cika wurin nan da ciyawar kwata. Har layi ya yi mata, don wulaƙanci! Muka taru muka tuge ta kaf, mun ƙone."

"Kun ƙone," in ji Auta.

"Ƙurmus."

Lasifikar tana kunne, kowa ya ji. Surutu ya ɓarke a rumfuna. Shugaba ya miƙe yana gyara babbar rigarsa. "Dakta, ki taimake ni. Tsiron da babu shi ne aka ƙone, ko wanda akwai? Kuma wannan dutsen da muka sassaƙa, sunan wa ke jiki?"



Sai ƙarar sanda a kan siminti. Baba ne ya tashi, ba wanda ya lura. Ya taka a hankali ya wuce Shugaba, ya wuce filin da aka share, ya tsaya a gindin dutsen. Can ƙasa, inda dutse ya haɗu da siminti, akwai ɗan tsagi. A cikinsa wani ɗan kore ya leƙo da ganye biyu. Ba Auta ce ta dasa shi ba. Shi ya kawo kansa.

Baba ya nuna shi da sanda. "Ga ta nan," in ji shi. "Ta laɓe tana mana dariya."

Ko tsiron yake nufi, ko matarsa, ko wani abu can daban da ya gifta masa, Auta ba ta sani ba, kuma ta san ba za ta taɓa sani ba.

Shugaban masu lambu ya leƙa, ya yi salati. "Au! Ɗaya ta tsere mana. Ku gafarce ni." Ya sunkuya da sauri, yatsu a buɗe.

Bai kai ba. Yaya ya tsallake kujeru biyu ya cafke masa wuyan hannu.

"Malam, sake ta."

"Ciyawa ce fa, Alhaji."

"Na sani. Na fi ka saninta, da ita nake ci. Sake ta, uwata ce."

Mutumin ya dubi Yaya, ya dubi ciyawar, ya dubi Shugaba yana neman ceto. Shugaba ya dubi Auta.

Daga layin gaba wani sauti ya taso. Inna ce. Ta toshe baki da gyale, kafaɗunta na rawa, ta yi ta maza har ta kasa, dariyar ta ƙwace mata. Irin dariyar gidansu ce, mai hawa sama ta karye ta sake hawa, wadda ake ji tun daga bakin titi.

Baba ya juyo da sauri yana neman inda take fitowa.